Kulle: Wa Ya Biya Kuɗin Zaman Gida?

A watan Afrilun 2020, tun kafin wani likita ko kwamishina ya ce uffan, masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa Kanawa cewa ba lafiya. Su ba su da na'urar gwaji, amma sun san yawan ramin da suka saba haƙawa a yini, sun kuma ga cewa a maƙabartu irin su Ɗandolo aikin ya ninka. Mafi yawan waɗanda ake kawowa dattawa ne: malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata, 'yan kasuwa, masu sarauta. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya fito da sakamakon tawagar da aka tura, wadda ta bi gidajen mamatan tana tambayar iyalansu yadda ciwon ya kama su. Ta ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, ta ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce ta kashe su ko ta tayar da ciwon da ya kashe su.

Na fara da wannan ne saboda duk wanda zai yi lissafin abin da annobar ta yi, sai ya fara sanin cewa ma'aunin kansa yana yoyo. A rubuce, mutanen da korona ta kashe a duniya kusan miliyan 7 ne. Amma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta yawan mutuwar 2020 da 2021 da abin da aka saba gani a shekarun baya, sai ta sami rarar mutum miliyan 14.9. A Najeriya alƙaluman hukuma sun tsaya a 3,155. Ƙasar da mutum zai rasu da hantsi a binne shi kafin azahar, ba takardar asibiti ba rajistar mutuwa, wannan adadi bai wuce lissafin waɗanda aka samu damar gwadawa ba.

Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 11 ga Maris 2020 hukumar ta ayyana ta a matsayin annobar duniya, lokacin kuwa Najeriya ta yi mako biyu da samun mutum na farko, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Nijar ta samu nata ranar 19 ga Maris. Abin da ya rikita duniya game da ƙwayar shi ne mutum yana iya yaɗa ta da numfashinsa kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji ciwo, wasu ma har su warke ba su san sun kamu ba. Ka ga ke nan ware marar lafiya kaɗai bai isa ba. Da aka ga motocin soja suna kwashe akwatunan gawa daga garin Bergamo na Italiya saboda wuraren ƙona gawa sun cika, sai kowace gwamnati ta kama abin da ya rage mata: a raba mutane da juna, a rage saurin yaɗuwar, kada marasa lafiya su taho wa asibiti lokaci guda.

Hujjar kulle ke nan, kuma hujja ce mai ƙarfi. Matsalarta guda ce. An yanka rigar ne a jikin mutumin da ke da albashi, da firji, da ruwan famfo a cikin gida, da ɗakin da zai killace kansa, da sunansa a kundin gwamnati. A Birtaniya gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar, har zuwa fam 2,500 a wata. Amurka ta zartar da dokar tallafi ta dala tiriliyan 2.2 a cikin watan Maris ɗin. Wanda aka ce masa ya zauna a gida a can, an aiko masa da abin zaman. Da rigar ta iso wurinmu sai aka zura wa ɗan dako da mai shayi da direban adaidaita sahu da matar da ke aika 'yarta da tallan ƙosai, mutanen da abincin darensu yana cikin cinikin safiyarsu. Shugaba Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. Kano ta samu mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, ta shiga kulle kwana biyar bayan haka, azumi kuma ya kama ranar 24 ga wata. Gwamnati ta ce tana raba naira dubu 20 ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta, sai dai rajistar ba ta ɗauki ko kusa da yawan mabuƙata ba, musamman talakan birni, wanda shi kullen ya fi dannewa.

Daga nan sai aka shiga yin abin da ke rusa manufar da aka sa gaba. A Kano an ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa huɗu, a fita a yi cefane. Jama'ar da a da take warwatsuwa cikin kwana bakwai sai ta dunƙule cikin sa'o'i goma sha biyu, kafaɗa na gogar kafaɗa a bakin kasuwa. Da an tambayi ƙwayar cutar yadda take so a tsara mata, ban ga abin da za ta ƙara ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kuma ta ba da rahoton cewa a mako biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, alhali cutar a lokacin ta kashe 11. Ba mu kaɗai ba ne. A Indiya, Narendra Modi ya bai wa mutum biliyan 1.3 wa'adin sa'a huɗu kafin ya rufe ƙasar, 'yan ci-rani suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, ɗaruruwan kilomita, wasu suka mutu a hanya. Gana ce ta yi saurin farga: bayan mako uku Nana Akufo-Addo ya ɗage kullen Akara da Kumasi, ya bar dokar hana taro da rufe makarantu.

Akwai kuma abin da ba a sa a sikeli ba tun farko, wato shekaru. Korona ta fi kashe tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki. A Italiya rabin jama'a sun haura shekara 45. A Najeriya kusan rabi ba su kai 18 ba, a Nijar ma abin ya fi haka ƙasa. Don haka a nan hatsarin cutar ya taru a kan dattawa, nauyin maganin kuwa ya sauka a kan kowa, har da yaron da cutar ba ta cika yi wa komai ba. A ganina da an zuba ƙarfi wajen kare tsofaffi, da hana manyan taruka, da gwaji, da samar da iskar numfashi a asibitoci, da an fi cin riba a kan rufe gari ruf. Amma wannan magana ce ta bayan an sha ruwa. Wanda ke kan kujera a watan Maris 2020, yana kallon hotunan Bergamo, yana kuma sane da cewa ɗakunan gwajin cutar a duk faɗin ƙasar ba su wuce biyar ba, ba zan yi saurin zarginsa da tsoro ba. Abin zargin shi ne rufe mutane ba tare da an tanadi abin da za su ci ba.

Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne ibada da zumunci. Saudiyya ta dakatar da umara a ƙarshen Fabrairu, aka ga harabar Ka'aba wayam a talabijin, abin da tsofaffinmu ba su taɓa zaton gani ba. Aikin hajjin da ya tara kusan mutum miliyan 2.5 a 2019, a 2020 mazauna ƙasar kaɗan ne suka yi shi, a 2021 kimanin dubu 60. Shekara biyu ba maniyyaci ko ɗaya daga Najeriya ko Nijar, kuma cikin waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera akwai waɗanda ba su kai 2022 ba. Tafsirin azumi ya koma rediyo da Facebook. Ba a yi hawan salla ba. Mutum ya miƙo maka hannu ka noƙe, ka rasa yadda za ka yi masa bayani bai ji haushi ba. A Nijar, da gwamnatin Mahamadou Issoufou ta hana sallar jam'i ta sa dokar hana fitar dare, matasa sun yi bore a Mirya da ke jihar Damagaram, daga baya a unguwannin Yamai, har aka buɗe masallatai a watan Mayu.

Almajirai kuwa, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya koma jiharsa. Aka riƙa loda yara a motoci ana tsallaka iyakokin da aka ce an rufe, sai da aka sauke su a Kaduna da Jigawa aka gwada aka tarar gommai suna ɗauke da cutar. An yi alkawarin cewa daga nan an gama da bara. Kowa ya ga yadda alkawarin ya ƙare.

Me ya sa mutane da yawa suka ce babu korona? Masu saurin yanke hukunci sun ce jahilci ne. Ni ina ganin akwai tarihi a ciki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun mutu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabon yana cikin abin da ya haifar da ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Sannan waɗanda aka fara jin sun kamu manya ne masu hawa jirgi: gwamnan Bauci, gwamnan Kaduna, da Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Talaka ya ce ai cutar masu kuɗi ce. Da ya ji ana maganar biliyoyin tallafi bai gani a tukunyarsa ba, sai ya ce ai kasuwa ce. A watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya masu tambarin tallafin korona, wata shida bayan yunwar kulle. Gwamnoni sun ce ajiya ce ta jiran rabo ko ta zagaye na biyu na cutar. Ko da gaskiyarsu, a ranar an yi asarar abin da ya fi shinkafar tsada, domin jami'in lafiyar da zai zo da allura bayan wata biyar, waɗannan mutanen zai roƙa su miƙo hannu.

Ta fuskar tattalin arziki, duniya ta yi ƙasa da kusan kashi 3 cikin 100 a 2020, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa sa'o'in aikin da aka rasa sun kai na ma'aikata miliyan 255. Najeriya ta sha duka ta wajen da ta fi rauni. Jirage sun sauka, masana'antu sun tsaya, mai ya rasa mai saye, har ranar 20 ga Afrilu farashin gangar ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, mai kaya yana biya a raba shi da kayansa don ya rasa wurin ajiya. Kasafin Najeriya da aka gina a kan gangar mai dala 57 sai da aka sake shi a kan dala 28. Aka karɓo dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ga iyakokin ƙasa a rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020, ga hana zirga-zirga tsakanin jihohi ya faɗo daidai shigowar damina, lokacin neman taki da iri da komawar 'yan ci-rani gona. Mai tumatir yana kallon kwandunansa suna ruɓewa a shingen hanya, mai saye a birni yana kukan tsada. Kafin shekara ta ƙare hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 20 cikin 100. Ƙasashe masu arziki sun buga kuɗinsu sun ciyar da jama'arsu. Matalauta sun ciyo bashi da dala, Zambiya ta kasa biya a 2020, da kuɗin ruwa ya tashi kuma Gana ta bi sahu a 2022.

Amma idan aka ce in nuna inda ramin ya fi zurfi, makaranta zan nuna. Kasuwa in ta buɗe, ciniki yana dawowa. Yaron da ya kamata ya iya haɗa baƙi yana ɗan shekara bakwai, in shekarar ta wuce shi, ba a dawo masa da ita, aji ne kawai zai ci gaba da tafiya da shi yana bin allo da ido. Hukumar UNESCO ta ce a lokacin da abin ya yi tsanani ɗalibai biliyan 1.6 ne ke zaune a gida a ƙasashe fiye da 190. Yuganda sai da ta kusa shekara biyu, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai Janairun 2022. A Najeriya an rufe a ƙarshen Maris, 'yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta don jarrabawar WAEC, saura sai Oktoba. 'Yan jami'a kuwa annoba ta haɗu musu da yajin aikin ASUU na wata tara, shekara guda ta tafi a banza.

An ce a koma karatu ta intanet. Makarantun kuɗi na Abuja da Legas sun koma, yara suna zaune gaban kwamfuta malami yana magana. A gidan da wayar kirki guda ce, tana aljihun maigida, ba wuta ba kuɗin data, wannan magana tatsuniya ce. Jihohi irin su Kaduna da Kano sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma wannan ya fi dacewa da mu, sai dai rediyo ba ya duba littafin yaro ya ga inda ya kuskure. Yaron da uwarsa ta yi karatu ya samu mai zaunar da shi. Wanda iyayensa ba su yi ba ya tafi gona ko kasuwa ko garejin gyaran babur, wasu suka ɗanɗana kuɗi ba su waiwayi aji ba. 'Yan mata kuma, wata shida a gida ga budurwar da ake jira ta gama sakandare, sau da yawa shi ke nan, sai ɗaurin aure. Malaman ƙananan makarantun kuɗi na unguwa, waɗanda albashinsu daga kuɗin makaranta yake fita, sun yi watanni ba ko sisi, da yawa suka kama wata sana'ar. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yaran da suka kai shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta sun tashi daga kashi 57 zuwa kusan 70 cikin 100. Mu kuma namu ya zo da ƙari: wata biyu da komawa aji aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, ranar 11 ga Disamba 2020, sai Jangebe a Fabrairu, aka sake rufe makarantun kwana. Yaran da ke aji ɗaya na firamare a shekarar kulle yanzu sun kai bakin sakandare, malamansu kuma sun san abin da suke gani a takardunsu.

Fasaha ita ce ta ci kasuwar annobar. Manhajar Zoom ta tashi daga mahalarta miliyan 10 a rana a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu. Majalisar zartarwa ta tarayya ta yi zamanta ta allo. A unguwanninmu kuwa canjin da ya zauna daram shi ne mai POS a ƙarƙashin lema, tun da bankuna suka riƙa shigar da mutane da ƙidaya, da kuma matan aure da suka mayar da WhatsApp shagon atamfa da turaren wuta. Wayar da ta kawo wannan ita ta kawo saƙon cewa 5G ke haddasa cutar, a ƙasar da ba a fara amfani da 5G ba sai 2022, da saƙon cewa kulorokwin magani ne, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce kima.

Babban abin mamakin dai rigakafi ne. A watan Janairun 2020 masana a Sin suka wallafa tsarin halittar ƙwayar. Ranar 8 ga Disamba aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 allurar farko a Ingila. Wata goma sha ɗaya, a aikin da kan ci shekara goma. Ba daga sama ya faɗo ba: Katalin Karikó da Drew Weissman sun yi shekaru suna aiki a kan hanyar da ake aika wa jiki saƙo ya ƙera wani ɓangare na ƙwayar da kansa don garkuwa ta gane shi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2023. Da aka zo rabo sai aka ga halin duniya. Masu kuɗi suka saye tun kafin a ƙera, wasu ninkin abin da suke buƙata. Shirin COVAX na raba rigakafi ga ƙasashe ya fara sauke kaya a Gana ranar 24 ga Fabrairu 2021, Najeriya ta karɓi kusan miliyan huɗu ranar 2 ga Maris, sai Indiya, inda ake ƙera yawancinsu, ta hana fitarwa da cutar ta turnuƙe ta. Da kyautar Turai ta fara zuwa, wasu saura makonni su lalace. A Disamban 2021 aka kwashi allurai fiye da miliyan ɗaya aka murƙushe su a juji a Abuja. A watan ne kuma Birtaniya ta hana matafiya daga Najeriya shiga saboda nau'in Omicron, wanda masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano suka sanar da duniya, aka saka musu da rufe ƙofa.

Akwai abin da ya ragu a hannu. Ɗakunan gwajin da ba su wuce biyar ba sun haura ɗari, an kafa injinan samar da iskar numfashi a asibitoci da dama, kuma ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna, cutar da aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali ranar 25 ga Agustan 2020, su suka zama ƙashin bayan bin sawun masu korona. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci, a Mayun 2025 kuma ƙasashe suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta gaba, ba tare da Amurka ba, wadda ta riga ta sanar da ficewarta daga hukumar.

Bokitin nan mai famfo da aka jera a ƙofar kowane banki da masallaci da makaranta, wata masaniyar kimiyya 'yar Gana mai suna Veronica Bekoe ce ta ƙirƙiro shi shekaru da dama kafin korona, don wuraren da ba ruwan famfo. Har yanzu ana ganinsa a gari. A wata makarantar yana bayan ofishin hedimasta, famfon ya karye, an tara tsintsiya a ciki. A bakin tasha kuwa masu zoɓo da kunun aya sun gano cewa ya fi moɗa saurin cika gora.